Mun Zaga Bahindi Da Ƙafa, Ashe Baƙi Ne Mu A Garinmu

Saura kwana biyu a ba da hutun zangon farko, malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji ya raba mana farar takarda ɗai-ɗai, ya ce kowa ya zana hanyar da yake bi daga gidansu zuwa makaranta. Muka yi dariya, don a ganinmu wannan aikin 'yan firamare ne. Mu da muka haddace cewa tsawon Kogin Kwara ya kai kimanin kilomita 4,180, muka san daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Benin kafin ya shigo Nijeriya ta jiharmu ta Kebbi, a ce mu zana hanyar gida?

Bayan minti 20 dariya ta koma ciki. Wani ya sa masallacin unguwarsu a hagu alhali yana dama. Wata ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe, ta manta da kwanoni huɗu da take sha kowace safiya. Malam ya tattara takardun, ya duba, bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mana: "Wace itaciya ce a bakin ƙofar makarantar nan ta waje?" Muka yi tsuru-tsuru. Shekara biyar ke nan muna wucewa ta ƙarƙashinta.

"To ga aikin hutu," in ji shi. "Ban ce kowa ya buɗe littafi ba. Ku taka garinku da ƙafa, ku gaida mutane, ku yi tambaya, ku rubuta abin da kuka gani."

Mu shida ne muka haɗa kai, maza huɗu mata biyu, dukanmu 'yan aji biyu na babbar sakandare a nan Bahindi, ƙaramar hukumar Bagudo. Ga abin da ƙafa ta nuna mana cikin kwana biyar.

Guzurinmu

Ba mu kashe ko sisi ba. Kowa ya ɗauko ragowar littafin rubutu da fensir da gorar ruwa. Mun fara neman izinin iyaye, sannan muka je muka gaida mai unguwa muka shaida masa abin da ke tafe da mu, don kada a ga yara suna ta leƙe-leƙe da rubuce-rubuce a yi mana wata fassara. Ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ku riƙa sallama, kuma la'asar ta iske ku gida."

Malam ya koya mana dabarar awo. Mun auna mita 10 a filin ƙwallo, kowa ya taka ya ƙirga. Yawancinmu taku 14 muka samu, wato kilomita guda zai ci kusan taku 1,400. Wajen gane gabas kuwa ba mu nemi wata na'ura ba. Rana tana faɗa mana da safe, masallatai kuma suna faɗa mana kowane lokaci, tun da alƙiblarmu tana gabas, ta ɗan karkata arewa.

Akwai littafin marigayi Abubakar Imam mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya rubuta kan tafiyarsa Ingila a 1943. Mu tamu tafiyar ba ta wuce bayan gida ba, amma ita ma ta buɗe mana abin da ta buɗe.

Gindin kukar da babu kuka

Mun fita da sanyin safiya, hazon hunturu bai washe ba. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙamshi. Kullum a guje muke wucewa don kada a tare latti, ba mu taɓa lura cewa kowane lungu da nasa ƙamshin ba. Nan ƙosai ne, gaba kaɗan hayaƙin kara, can kuma daddawa ce ake shanya. Da ido rufe ma mutum zai iya gane inda yake.

A wata mararraba akwai inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Kowa a unguwar "gindin kuka" yake ce wa wurin. Mun sha faɗin sunan sau ba adadi, amma sai ranar ɗayanmu ya ɗaga kai ya ce, "Wai ina kukar?" Babu ita, ba ko kututture.

Wani dattijo na zaune a kan tabarma yana tufkar igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Lahiya lau. Ku ɗiyan wa ne?" Kowa ya faɗi gidansu. Ya dubi ɗayanmu ya ce, "Kai jikan abokina ne ashe. Ku zamna."

Ya ce kukar tana nan har ya yi aure. A gindinta baƙi ke sauke kaya, a nan ake raba faɗa, a nan yara ke jiran faɗuwar 'ya'yanta. Wata iskar farkon damina ce ta kayar da ita. Ya nuna mana daidai inda take da sandarsa, muka sa alama a taswirarmu. Itaciyar ta tafi ta bar sunanta, kuma da ba mu tambaya ba, da sai sunan ya kai ga ƙannenmu ba tare da labarinsa ba.

Daga nan muka shiga ƙirga itatuwa. Dogon yaro ya fi yawa a cikin gari, kuma baƙo ne: asalinsa daga Indiya, a zamanin Turawan mulkin mallaka aka yaɗa shi a Arewa. A bayan gari muka ga gawo ya yi kore shar a tsakiyar rani. Shi dama haka yake, da damina yake zubar da ganye, sai a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ya tofo. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki.

Awa guda a maƙera

Ƙarar guduma ce ta ja mu wani lungu da ba mu taɓa shiga ba, ko da yake bai fi taku 300 daga gidan ɗayanmu ba. Wata rumfa ce baƙa ƙirin da hayaƙi. Yaro na zuga, maƙerin na riƙe da jan ƙarfe da awartaki yana bugu a kan uwar maƙera.

"Mi kuka biɗa?" ya tambaye mu bai ɗago ba.

"Baba, kallo muka zo, in an yarda."

"Kallo ba a biya. Amma wanga yaro ya gaji, wani ya karɓe shi."

Haka muka yi ta zuga bi da bi har hannuwanmu suka yi tsami. A gabanmu guntun tsohon sifirin na mota ya zama lauje. Ya nuna mana yadda ake gane zafin ƙarfe daga launinsa, da dalilin da ya sa ake tsoma shi a ruwa bayan an gama: saurin hucewar ne ke sa bakin ya yi tauri. Mun karanta wannan a darasin kimiyya mun ci jarrabawa, amma sai a rumfar nan muka ji ƙarar "cuuu" ɗin da kunnenmu.

Ya ce aikinsa kalanda ne. In ka ga yana ta kalme da garma, damina ta matso. In lauje ne, shinkafa ta nuna. Muka tambaye shi wa zai gaje shi. Ya dubi yaron da ke zuga ya ce, "Shi ma babur yaka so." Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Garin da maza ba su gani

A rana ta biyu muka rabu. Mu mazan iyakarmu zaure, don gidajen aure ba a shiga. Matan cikinmu kuwa, tare da gwaggon ɗayarsu, suka yi ta sallama gida-gida. Da muka haɗu da yamma sai muka tarar kusan gari biyu muka zaga.

Sun dawo da jerin sana'o'i har 11 a layi ɗaya kawai: mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai kitso, mai saƙar faifai, mai fura, mai ɗinkin hula, da sauransu. Sun kuma gano wasu ƙananan ƙofofi tsakanin gida da gida, waɗanda mata ke bi su kai wa maƙwabciya wuta ko su je barka ba tare da sun fito titi ba. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan a taswirar mu maza.

A wani gida suka iske wata inna tana gumi. Ta jiƙa shanshera ta kwana, ta turara ta a babbar tukunya, sannan ta baza a rana.

"Inna, me ya sa ba za a kai ta inji haka nan ba?"

"Ɗiyata, sai ta kakkarye. Wadda ta sha turare ita ka fita da tsawonta, kuma ta fi riƙe ciki."

Gaskiyarta. Tururin yana tura wasu sinadaran gina jiki daga dusar zuwa cikin ƙwayar, ya kuma ƙarfafa ta. Ana yawan kiran Kebbi gidan shinkafa, har a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. Amma kafin shinkafar ta kai buhu mai tambari, da yawanta sai ta bi ta tukunyar mata irin wannan inna, waɗanda ba a ganin hotonsu a jarida.

Sefa a cikin gwangwani

A rana ta uku muka tsaya sayen alewa wurin wani mai tireda. Da ya buɗe gwangwanin canji sai muka hango wasu kuɗin ƙarfe da ba namu ba. Sefa ce, kuɗin Benin da Nijar. Muka zauna a bencinsa rabin awa muna saurare kawai. Wata mai nono ta gaishe shi da Fulatanci, ya amsa da "jam". Wani ya zo ya ce "fofo", ya mayar masa da Zabarmanci. Bai taɓa shiga aji ba, amma harshe uku ya yi ciniki da su a gabanmu.

Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin, ta wajen Lolo da Tsamiya. Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa da Busawa sun daɗe suna cuɗanya a wannan yanki, tun kafin a ja layin iyaka. Illo tsohon zangon fatake ne a kan hanyar goro ta Gwanja. Layin kansa Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyar da suka yi a birnin Paris a 1898, inda suka ce iyakar ta taɓa kogi mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Benin ɗin ma Dahomey ake kiranta har 1975.

Mai tiredan ya ce yayar mahaifiyarsa tana aure a ƙetaren iyaka. Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ciniki ya yi sanyi, zumunci ma ya yi wuya. Darasin tarihi guda ke nan muka samu a kan alewar naira 50.

Ruwan da ke zuwa ba hadari

A wani zaure muka tarar da wani tsohon masunci, Basarke, yana ɗinkin taru. Muka ce ya lissafa mana kifaye. Ya fara: giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, kurungu, gargaza, tsage, minjirya mai jan mutum kamar lantarki. Bai tsaya ba sai da fensirinmu ya dakushe. Wasu sunayen ya ce ya daɗe bai ga masu su a taru ba.

Sannan ya yi mana tambaya: "Ku 'yan boko, mi ya sa Kwara ka cika da ɗari, alhali ba a yi ko yayyafi ba?"

Ba mu sani ba. Sai da muka koma wurin Malam ya warware mana. Kwara a yankinmu cika biyu take yi a shekara. Ta farko ruwan daminarmu ne, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka, masana na kiranta farar ambaliya. Ta biyu ruwan da aka yi ne a tsaunukan Gini. Yana shiga wata ƙatuwar fadama a tsakiyar Mali ya bazu, ya yi watanni yana jan jiki, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana da hunturu, garai-garai mai duhu. Ita ce baƙar ambaliya. Tsohon bai taɓa ganin taswirar Mali ba, amma ya san makon da ruwan ke isowa, ya san launinsa. Malam ya san dalili, tsoho ya san lokaci. Mu da ke tsakaninsu ba mu san ko ɗaya ba sai da muka taka.

Zane a jikin giginya

Rana ta huɗu ita ce ba za mu manta ba. Mun bi hanyar fadama, inda manoma ke shirin noman rani, injinan ban-ruwa na ta ƙugi, balbelu na bin bayan shanu. A bakin fadamar wani manomi ya kira mu inuwar wata giginya ya nuna mana zane biyu da aka yi da wuƙa a jikinta.

"Wanga na 2012 ne. Wanga kuma na 2020, shekarar da ruwa ya cinye muna shinkafa."

A ƙasarmu ne gulbin da ya biyo ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi yake zuwa ya haɗu da Kwara, don haka in ruwa ya yi yawa, ta fuska biyu yake zo mana. Ambaliyar 2020 mun tuna ta, muna 'yan firamare, lokacin da gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa suka nutse a jihar nan. Amma ba mu taɓa tsayawa kusa da shaidarta ba. Mafi tsawo a cikinmu ya jingina da giginyar, zanen sama ya zo masa ƙirji.

Manomin ya miƙa hannu ya nuna mana iyakar inda ruwan ya tsaya a gefen gari. Sai muka ga ɗayanmu ya yi shiru. Ashe filin da yayansa ya saya, har an fara sauke bulo don ginin aure, yana ƙasa da wannan layi. Yayan ya yi shekaru yana aiki a birni, da rani ya zo ya ga fili busasshe mai araha ya biya.

Da daddare abokin namu ya faɗa a gida. Da farko aka ce yaro bai san komai ba. Washegari mahaifinsu da kansa ya taka ya je ya ga zanen, ya zauna da manomin. Yanzu an dakatar da ginin, ana shawara ko a yi ciko a ɗaga harsashi, ko a nemi musaya da wani fili a tudu. Ba mu san yadda za ta ƙare ba tukuna. Abin da muka sani shi ne, labarin da zai iya ceton gidan mutum yana rubuce a jikin itaciya, taku 2,000 daga ƙofar gidansu, kuma ba ya cikin kowace waya.

In za ku gwada

'Yan'uwa ɗalibai, ko a Bagudo kuke ko Ka'oje ko Zagga, ko a tsakiyar Kano, ga abin da muka koya:

Ku nemi izini a gida, ku faɗi inda za ku da lokacin dawowa. Ku tafi ku biyu ko fiye, da rana, a cikin gari da gefensa. Zamanin nan ba na shiga daji ba ne, kuma kada ku doshi iyaka ko shingen jami'an tsaro da sunan yawo.

Gaisuwa ita ce mabuɗi. Duk inda muka durƙusa muka gaida mutane, an ba mu wurin zama. Kada ku ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

Ku sa wayar a aljihu. Ranar da ɗayanmu ya toshe kunne da waƙa, shafinsa fari ya dawo.

Kada ku shiga ruwa ko kwale-kwale ba tare da babba ba.

Ku riƙe tambaya uku: me ya sa ake kiran wurin nan haka? Me ke nan a da? Wa ya fi kowa sanin labarinsa? Matambayi ba ya ɓata.

Ku haɗa taswirar maza da ta mata, in ba haka ba rabin gari za ku zana.

Akwai kuma riba ta jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Mu dai mun ga alama, don a kwanakin nan ko tuwo bai kwana a kwanonmu ba, barci kuma tun bayan isha'i.

Mun koma makaranta da taswira mai faɗin tabarmar salla, wadda muka haɗa da takardu takwas da ƙullun fulawa. Akwai rijiyoyi a ciki, da maƙera, da ƙofofin mata, da kukar da babu ita, da jan layin da ruwa ya tsaya. Malam ya manna ta a bangon aji. 'Yan aji ɗaya na ta zuwa suna neman gidajensu, har wata ta kama mu da kuskure: mun manta da lungunsu ɗungurungum. Mun yi mata alkawarin ranar Asabar ita za ta yi mana jagora.

Itaciyar bakin ƙofar makaranta kuwa, mun tsaya mun duba. Tsamiya ce, kuma ta yi 'ya'ya bana.